Yadda keken ɗinki ya riƙe ni da marayuna uku

An haife ni a wani ƙauye da ke gefen Sandamu, amma a cikin garin Daura na yi wayo, a hannun kakata ta wajen uwa. Tun da aka yaye ni ta ɗauke ni, shi ya sa ita nake kira Inna, ita kuma ba ta da sunan da take kirana da shi sai kishiya. Inna ba ta yi boko ba, amma hannunta bai san zama ba. In ba ta saƙar faifai, tana kaɗin auduga, ko tana ɗinke wata tsohuwar riga da allurar hannu. A gidanta ba a zubar da toka. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi da take shimfiɗa wa ciyawa, ta cika ta da tokar karan gero, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga a ƙwarya. Da wannan ruwan tokar take miya in babu kanwa, da shi kuma take jiƙa tukunyar da maiƙo ya kama. Ina yarinya duk wannan wahala nake ɗaukarsa, ina ganin ranar da na yi aure na rabu da shi ke nan.

Na gama sakandare, aka yi mini aure a 2012. Wajen haɗa kayan ɗaki aka yi 'yar jayayya. Gwaggonnina suna so a ƙaro jeren kwanuka da kumbo don ɗaki ya cika ido, Inna ta ce ita kuɗin tunkiyarta keken ɗinki za ta saya da su. Haka ta yi. Baƙin keke ne na ƙafa, Butterfly, mai zanen ruwan gwal a jiki. Ranar da za a kai ni ta riƙe hannuna ta ce, "Kishiya, kwano ba ya ciyar da kansa. Wannan kuwa ko ba yau ba za ki neme shi." Na ce to, Inna, ina kuka irin na amare, maganar ba ta zauna mini ba a lokacin.

Maigidana ɗan kasuwa ne, mutum mai sanyin hali da yawan kyauta. Ta Kwangwalam yake tsallakawa zuwa Matamaye da Damagaram, ya kai kayan masarufi, ya sauko da dabino da wake, ranar Lahadi kuma yana kasuwar Mai'aduwa. Ba mu yi arziki ba, amma ban taɓa auna shinkafa da gwangwani ina lissafi ba. Sabulu da omo a katan yake kawowa, famfas ɗin yara ba ya yankewa. Keken yana ƙuryar ɗaki a lulluɓe da zani, na ɗora masa tulun turare a kai. Allah Ya ba mu yara uku: ɗan farina namiji, sai mace, sai auta ita ma mace.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Wanda ba ya zaune a garin kan iyaka ba zai gane abin da hakan ke nufi ba. Mu nan rabin dangi suna Nijar, rabin ciniki ma can yake. Kuɗin maigida suna hannun mutane a tsallake, kayan mutane suna hannunsa a nan. Ya fara sayar da abin da ya tara yana biyan bashi. Ba mu farfaɗo ba sai ga korona, a watan Afrilun 2020 aka kulle Daura, ba shiga ba fita, azumi kuma ya shigo a cikin wannan hali. Ina kallonsa yana zaune a tsakar gida bayan la'asar, mutumin da bai saba wuni a gida ba, yana ta juya waya a hannu. Ya daina cin abinci sosai, yana yawan cewa kansa na sara masa. Hawan jini ne ashe. Wata asuba ya faɗi a bakin randa yana alwala, aka ɗauke shi zuwa asibiti, bai ƙara magana ba har Allah Ya karɓi abinsa kafin ƙarshen wannan shekara. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Autata a lokacin ko zama ba ta fara ba.

Wata huɗu da kwana goma na takaba ba zan iya ba da labarinsu a jere ba, domin a raina duk sun haɗe sun zama dare ɗaya mai tsawo. Kwanakin farko gida cike yake, kwanukan abinci suna ta shigowa daga maƙwabta, Allah Ya saka musu. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke, kowa da nasa nauyin. Abin da na fi tunawa shi ne ta tsakiyar, wadda take da shekara huɗu, in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta ruga zaure tana cewa Abba ya dawo. Yayan nata kuwa ya yi shiru, ya daina tambaya, ya koma fitsarin kwance da ya daɗe da bari. Wannan shirun nasa ya fi kukanta ci mini rai.

Da aka zo rabon gado, malamin da aka kira ya ce sai an fara fitar da bashi kafin komai. Da aka fitar, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Aka ba ni tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, aka ba Hajiya mahaifiyarsa sudusi, sauran na yara, namiji rabon mata biyu. Gidan da muke ciki, ɗaki biyu da zaure, shi ya zama rabon yaran, shi ya sa muke da wurin kwana har yau. A zaman nan ne yayan marigayi ya kawo shawara. Ya ce shi zai ɗauki namijin ya kai shi Kano wajen malaminsa, ƙanwarsu ta ɗauki ta tsakiya, ni in koma gidanmu da jaririya, in Allah Ya kawo miji in yi aure. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka aka saba, kuma yana ganin sauƙi yake nema mini. Ni kuwa ji na yi kamar ana shirin yi mini mutuwa ta biyu.

Ban saba magana a gabansa ba, amma na durƙusa na ce, "Yaya, don girman Allah a bar mini su wuri ɗaya. Sun rasa uba, kada su rasa juna." Ya ce, "To da me za ki ciyar da su?" Ba ni da amsa. Malamin ne ya sa baki, ya ce a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi kowa haƙƙin renon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, matuƙar uwar ba ta auri bare ba, ciyarwa kuma daga dukiyar yaran ne in suna da ita. Hajiya, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ce, "A bar mata 'ya'yanta. Abin da na samu zan riƙa aiko musu." Ta kuma cika alkawari daidai ƙarfinta, har sudusin nata ma gero ta saya mana da shi.

Daren ranar ban yi barci ba. Na ci nasara, amma tambayar Yaya tana nan daram. Inna ta rasu tun ina goyon ta tsakiya, babu wanda zan kai wa kuka. Da gari ya waye na sauke tulun turaren, na yaye zanin. Keken ya yi tsatsa a wasu wurare, igiyar fatar da ke juya shi ta bushe ta tsage. Akwai wata maƙwabciyarmu, babbar mace mai ɗinki, da muke kira Anti. Na aika ɗana ya kira ta, tunda ni ban gama takaba ba. Ta zo ta duba, ta sa aka sayo sabuwar igiya da man keke, ta goge tsatsar da kananzir, ta zauna ta taka. Da na ji ƙararsa a ɗakin sai hawaye. Ta ce, "Share idonki, ƙanwata. Ɗauko mini tsohon zani."

A kan tsofaffin zannuwa na koya. Ta fara sa ni taka keken ba zare, sai ƙafata ta daina komawa baya. Daga nan ta ja layi da alli ta ce in bi. Ta koya mini naɗa zare a bobin, da yadda ake gane zaren sama ya yi tauri ko ya saki, in ka juya ƙyalle ka ga ya cukurkuɗe a ƙasa. Yankan ne ya fi ba ni tsoro, domin ɗinki in ya karkace ana farkewa, almakashi kuwa in ya wuce ya wuce. Ta ce in riƙa yanka a takardar buhun siminti tukuna. Duk wannan da goyo a bayana nake yi, ta tsakiya tana zaune a ƙarƙashin keken tana tsince ƙyallaye. Tun ranar farko Anti ta kafa mini doka: allura da fil a cikin gwangwani mai murfi, almakashi a rataye a ƙusa sama da kan yara, in an gama aiki a zare igiyar keken don kada yaro ya taka ya ɗinke yatsa. Har yau ban karya wannan doka ba.

Aikin farko da na fara karɓar kuɗi a kansa faci ne da rage tsawo da sa zip. Sai hijaban yara 'yan Islamiyya, waɗanda ba su da wuyar yanka. Kuɗin ba su isa komai ba, amma nawa ne. Sai na koma duba gidan da idon Inna. Famfas ya gagara, na yanka tsofaffin zannuwan auduga na ninka na ɗinke bakinsu, in sun ɓaci in wanke, in zuba musu tafasasshen ruwa, in shanya a rana tsaka. Omo ya zama na kayan makaranta kawai. Tukwane da toka da soso nake dirje su, tukunyar da ta yi baƙi ƙirin sai ta fito tana ƙyalli. Kafin in ɗora tukunya a murhu nakan shafe gindinta da jiƙaƙƙiyar toka, baƙin hayaƙi sai ya zauna a kan tokar, wanki ɗaya ya fita. Ɓawon lemun tsami da aka matse ba na yarwa, da shi nake goge ƙarnin kifi a kwano da wuƙa. Wanka da sabulun salo, kai da jiki duka. Masai kuwa kullum da yamma sai na watsa masa toka na rufe bakinsa, wari da ƙuda suka ragu ƙwarai. Na sami tsohuwar tukunya na huda gindinta, na koma ɗigar ruwan toka yadda na gani ina yarinya, hannuna ya tuna abin da na ɗauka na manta.

Girki ma ya canja. Tuwon gero ko na dawa miyar kuka da dare, a bar saura a yi ɗumame da safe. Rana ɗanwake ko fate, wani lokaci dambu da zogalen da na dasa a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Da damina tafasa da rama suna rufa asiri, a kwaɗa su da ƙuli-ƙuli. Manyan biyu suna ci suna ƙoshi, ni ma ina ganin mun tsira. Ban lura ba cewa cikin jaririya ƙarami ne, tuwo da koko tsararo ba sa ba ta abin da jikinta ke nema, nonon kuma ya ragu saboda ni kaina ba na ci yadda ya kamata.

Daminar 2021 ita ce mafi tsanani a rayuwata, har ta fi ranar mutuwar. Shekarar an yi fama da amai da gudawa a jihar Katsina, kowa a tsorace yake. Autata ta kamu da gudawa, ta tsaya, ta sake dawowa. Ta daina tsayawa da bango, ta koma kwanciya. Gashinta ya yi laushi ya koma ja-ja, wuyanta ya zama siriri, ƙafafunta kuma suka kumbura. Wannan kumburin ya ruɗe ni, na ɗauka ƙiba ce ta fara dawowa. Masu shigowa kowa da abin da yake faɗa. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce iska ce ta gidan da aka yi mutuwa, wata ta kawo jiƙo. Abin da ba wanda ya faɗa a gabana, ni ma na kasa faɗa wa kaina, shi ne yunwa. Kalmar tamowa nauyi take yi a bakin uwa, domin ji take kamar an ce ta kasa. Kuma ina tuna tambayar Yaya. Ina tsoron a ce ga shi nan, an faɗa mata.

Ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su Allah Ya turo mini. Ɗaya daga cikinsu ta kalli yarinyar a cinyata, ta ajiye jakarta. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinyar, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ciro wani ɗan tef mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a damtsen hagu. Ina kallon tef ɗin yana shigewa, ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya tsaya a ja. Ta ce ja yana nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba. Ta dube ni ta ce, "Maman yara, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yau za ki kai ta, ba gobe ba. Kuma ba laifinki ba ne, gadajen can cike suke da 'ya'yan mata masu ƙoƙari irinki." Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba, amma ba na sallah in manta da ita.

Na bar manyan a wajen Anti, na goya ta muka tafi. Aka kwantar da mu. Da farko wata madara ta musamman suke ba ta kaɗan-kaɗan, dare da rana, suka ce in aka cika wa mai tamowa ciki da abinci lokaci ɗaya yana iya yi masa illa. Kumburin ya fara saɓewa, sai ta ƙara zama 'yar firit, na tsorata, suka ce alamar sauƙi ce. A ɗakin nan na ga abin da ya sa na daina jin kunya. Mata daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, mata daga tsallaken iyaka, matan cikin gari masu lalle a ƙafa, duk ciwo ɗaya. Wata da gadonta ke kusa da nawa ta rasa ɗanta da tsakar dare, na taya ta naɗe kayanta. Ranar da autata ta miƙa hannu da kanta ta karɓi ledar abincin nan na gyaɗa da madara ta kai baki, na fita waje na yi sujada a kan siminti.

Bayan an sallame mu ana ba mu wannan abincin na leda muna zuwa awo. A nan zan faɗi wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina ganin ledojin nan a faranti ana sayarwa, manya suna saya suna sha don daɗi. Na san talauci ne ke sa uwa ta sayar, na san abin da ake ji in sauran yara suna kallon ɗaya yana ci, nawa ma sun kalla har na riƙa shiga ɗaki da ita in rufe ƙofa. Amma magani ne da aka auna wa yaro ɗaya daidai nauyinsa. Mai saya ya ji tsoron Allah, daga bakin mara lafiya yake karɓa.

A wajen awon ne aka koya mana garin kunun da suke kira Tom Brown: awo shida na gero, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken ake jiƙawa a cire ɓawon a shanya, sannan a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa a kai niƙa. Ana dama shi da kauri, ba tsararo ba, yadda in an karkata cokali ba zai zube da sauri ba. Nakan ƙara garin busasshen zogale ko dakakken busasshen kifi in an samu, da ɗan manja. Aka koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta zo babu na leda a kusa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Aka ce kada a daina ba yaro nono ko abinci don yana gudawa, wanda mu a da akasin haka muke yi. Na dawo gida na sa wa randar sha murfi da moɗa guda mai mariƙi da ba a ajiye ta a ƙasa. Na ajiye buta da kaskon toka a bakin masai, duk wanda ya fito sai ya wanke hannu, da sabulu in akwai, in babu da toka. Yaran suka mai da abin wasa, ta tsakiya ita ce mai kai ƙarar wanda bai wanke ba.

Waken suyan da na saba da shi ne ya buɗe mini ƙofar awara. In jiƙa da dare, da asuba a kai markaɗe, in tace, in ɗora a wuta, in ya tafaso in zuba ruwan tsamin da na tsiyaye daga gasarar koko, ya dunƙule, in juye a ƙyalle in danne da dutse. Dusar kuma ta akuyar da na saya da kuɗin adashina na farko. Mata da yawa sun ce in ɗora wa ta tsakiya talla, ciniki zai ninka. Na san gaskiya suka faɗa ta fuskar kuɗi, kuma ba na zagin wadda ta ɗora wa tata, domin na san abin da ke kai uwa ga haka. Ni dai na kasa. Na riga na roƙi a bar mini su don in tsare su, ban ga yadda zan tura yarinya tasha da faranti ba. A zaure nake suya bayan la'asar, yaran unguwa suna shigowa saya. Ribar ba ta kai ta masu talla ba, na haƙura da hakan.

Ɗinki kuwa a hankali ya kama. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma na gane cewa in mai yanka ta yi lissafi, bayan riga da zani da ɗankwali na uwa ana iya fitar da 'yar rigar jaririya. Sai na riƙa ɗinka ta in sa a cikin kayan ba tare da an ce in yi ba. Wannan ya jawo mini mata fiye da kowace irin talla. Ƙyallayen da suka rage ina tambayar masu su, in sun bar mini in harhaɗa in yi wa yara mayafin sanyi na hunturu, ƙananan kuma in cusa a matashi. Lokacin Sallar Gani, da garin Daura ke cika da baƙi da hawan dawaki, aiki yakan yi mini yawa kusan kamar na Ƙaramar Sallah. Guga da dutsen gawayi nake yi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma ba na hura shi sai yara sun tafi makaranta ko sun yi barci.

A farkon 2023, da kuɗi suka ɓace a hannun mutane bayan an canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, mun koma zamanin Inna sosai. Mace ta kawo ɗinki ta biya da tiyar gero, wata da wake, wata da itace. Ban ƙi ba, gara ma hakan a wajena, domin abin da zan saya ke nan. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun wannan shekara, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta, har zare da allura. Sai juyin mulkin Nijar a watan Yuli, aka sake rufe iyaka. Mata suka rage sabon ɗinki, suka koma kawo tsofaffi a gyara, a buɗe rigar yarinya ta ƙara shekara, a mai da zanin uwa siket ɗin 'ya. Aikin da na fara da shi na faci shi ya sake riƙe ni.

An yi mini maganar aure, kuma ba mutanen banza ba ne suka zo. Ba na ƙin aure, ni mace ce mai sauran ƙuruciya, akwai daren da kaɗaici ke danne ni har in rasa inda zan sa kaina. Amma duk wanda ya zo nakan fara da tambayar yaran, kuma har yanzu ban sami wanda ya ce in taho da su ukun ba. Na kuma san abin da malam ya faɗa game da haƙƙin reno in uwa ta yi aure. Na bar wa Allah zaɓi. Yaya da kansa yanzu yakan biyo in ya shigo gari, ya kawo wa yara tsaraba, bara ma shi ya saya wa namijin littattafai. Bai taɓa tayar da waccan magana ba, ni ma haka.

Ɗan farina yana ƙaramar sakandare, ya iya sa maɓalli da ɗinke bakin hijabi, ko da yake ba ya so abokansa su sani. Ta tsakiya ta fara taka keken ba zare, ƙafarta ba ta gama kaiwa ba sai ta zauna a bakin kujera. Autata tana firamare, ita ce mafi surutu a gidan, sai dai har yanzu ta fi sa'o'inta ƙanƙanta, kuma duk zazzaɓin da ya taɓa ta sai gabana ya faɗi. Na karɓi tef ɗin awon damtse a wajen ma'aikatan lafiya, yana rataye tare da tef ɗin ɗinkina. In mace ta shigo da goyo na ga gashin yaron ya yi ja ko wuyansa ya rame, nakan ce, "'Yar'uwa, kawo shi in gani," in auna kafin in auna ta. Wasu suna jin haushi, wata ma ta kwashe atamfarta ta fita ba ta dawo ba. Wasu kuma sun je, sun dawo suna godiya.

Yanzu 'yan mata biyu marayu na unguwarmu suna zuwa koyo da hantsi, a kan takardar buhun siminti su ma suka fara. Idona ya soma ba ni wahala wajen zura zare da dare, an ce in je a auna ni a ba ni tabarau, ina jiran kwasar adashi ta zagayo kaina. Abin da ya rage bayan tabarau ina so in haɗa in sayi keke na biyu ko da na hannu ne, domin mu huɗu muke layi a kan guda ɗaya, kuma azumi ya kusa.